Hasashen meteyo na salula, a dogara da shi a yi shuka?

Manomin Tibiri:
Salamu alaikum jama'a. Ɗana ya sa mini wata manhaja a salula. Ranar Talata ta nuna hadari, ta rubuta 70%. Na kwashi tiya huɗu ta irin hatsi na yi binne, ina jiran ruwa. Da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso har ta ɗage mini rufin rumbu, amma ko ɗigo. Washegari na ji an sha ruwa a Madarumfa har da kwanciya. Yanzu zabi na tonon irin. To ƙarya abin nan yake yi, ko ni ne ban iya karanta shi ba?

Malamin lakwal:
Wa alaikumus salam Baba. Bai yi ƙarya ba, bai dai san gonarka ba. Wannan 70% na nufin a rana goma masu irin wannan yanayi, bakwai za a samu ruwa a yankin. Hadarinmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, ya jiƙa wannan gari ya tsallake na kusa da shi. Ga ma'aunan ruwa da tashoshin awo ba su da yawa a ƙasar nan, galibi da tauraron ɗan'adam ake lissafin. Inda masu hasashen suka fi dacewa shi ne hasashen damina gaba ɗaya, wanda AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da noma ta Yamai, take fitarwa kafin faɗuwar ruwa. A 2024 sun ce ruwa zai yi yawa, kowa kuma ya ga abin da ya samu Maraɗi ƙarshen watan Agusta, gidaje nawa suka zube.

Hajiya mai ƙuli-ƙuli:
Ni dai in zan shanya gyaɗa gabas nake dubawa, ba waya ba. Mahaifinmu shamuwa yake jira ta sauka kan tsamiya, ita ma wata shekarar ta kunyata shi.

Tsohon ma'aikacin gona:
Alhaji, binne caca ce tun kafin a ƙera salula. Mu abin da muke bi: a samu kamar milimita 20 cikin kwana uku, ka tona ka ji laima ta kai tsawon tafin hannu. Abin tsoro shi ne ruwa ya ɗauke sama da mako bayan tsiro. Kada ka zuba irin duka a karo ɗaya.

Manomin Tibiri:
Na gode malamai. Saura tiya biyu a tukunya, na hana kowa taɓawa. Zabin kuma na maƙwabcina ne, gobe da safe zan same shi.