Ranar hutun mako a Saudiyya: ta iyali ce ko ta barci da aike-aike?

Baban Yara, Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna maganar ranar hutu. Yawancin masu aiki a kamfanoni kwana shida suke yi, Juma'a kaɗai ce tasu. Ma'aikatan gwamnati da bankuna da makarantu su ne ke da Juma'a da Asabar, tun 2013 da aka sauya daga Alhamis da Juma'a. To wannan kwana ɗayan, in ba a yi hattara ba, ga yadda yake tafiya: barci har ƙarfe 11, wanka a gurguje, masallaci, abinci, a sake kwanciya, da la'asar a kai mota wanki ko a tafi aika kuɗi gida, da magariba baƙi su yi sallama. Gari ya waye Asabar, yara ba su samu ubansu ko na awa ɗaya ba. A gida abin bai cika ciwo ba, don akwai kaka da kawu da goggo, ga ƙofar gida cike da yara. Nan kuwa yaro daga ɗaki sai makaranta sai waya. Waɗanda suka daɗe a ƙasar nan, ku faɗa mana yadda ake tsara ranar, da abin da ke ɓata ta.

Malamin Ofis, Riyad

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a kai ga tsari, a fara sanin cewa ranar haƙƙi ce, ba alfarmar kafili ba. Dokar ƙwadago ta ce aiki awa 8 ne a rana ko 48 a mako, a watan azumi kuma Musulmi awa 6 ko 36 a mako. Hutun mako awa 24 ne a jere, da cikakken albashi, kuma Juma'a ce asali. Kamfani na iya sauya wa wasu ma'aikata da wata rana, kamar yadda ake yi a otal-otal da asibitoci da manyan kantuna, amma doka ba ta yarda a soke hutun a ba ka kuɗi a madadinsa ba. Awannin da suka wuce ƙa'ida ana biyan su da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na ainihin albashin awa.

Inda mutanenmu ke faɗawa shi ne yarjejeniyar baki. Mudir, wato manaja, ya ce "zo wannan Juma'ar kawai", ka zo, ta gaba ma ka zo, shi ke nan ta zama al'ada. Ka buɗe kwantiraginka a Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago na intanet, ka ga ranakun aiki nawa aka rubuta. In an kira ka ranar hutu, ka nemi a aiko da saƙo a rubuce, ka ajiye. Masu aikin gida da direbobin gida tsarinsu daban ne, kwantiraginsu yana Musaned, shafin gwamnati na masu aikin gida, amma su ma tsarin da ya fara aiki a Oktoba 2024 ya ba su hutun awa 24 a mako da albashi, ranar kuma ana tsayar da ita ne tsakanin ma'aikaci da mai gida. Lambar ma'aikatar ƙwadago 19911 ce ga mai ƙorafi.

Direban Gida, Madina

Malam, gaskiya ka faɗa, amma direban gida Juma'a ita ce ranar da ya fi wahala. Ranar ce masu gida ke ziyarar dangi, a fita bayan la'asar a dawo ƙarfe 1 na dare. Wanda ya nace sai Juma'a, rigima zai yi ta yi. Abin da ya fi karɓuwa shi ne a nemi Asabar, saboda yara ba makaranta, ba kai su ba ɗauko su. In Asabar ta gagara, a nemi tsayayyen yanki: daga asubar Juma'a zuwa la'asar, a ƙara da safiyar Asabar. Ba cikakken hutu ba ne, amma ya fi babu. Kuma a faɗa tun ranar Laraba, kada a bari sai madam ta riga ta shirya fita.

Uwar Gida, Makka

Ku maza kuna ta maganar samun ranar, ba ku ce komai ba kan wadda za ta yini a kicin. In ranar hutun maigida ita ce ranar da uwar gida za ta tuƙa tuwo, ta yi miya kala biyu, ta karɓi baƙinsa, ta wanke tukwane har dare, to hutun mutum ɗaya ne.

Juma'a tun Alhamis ake gyara ta. Cefane daren Laraba ko Alhamis da wuri, don daren Alhamis kasuwa cike take, Shara Mansur, titin kasuwar nan ta Makka, kam ba masaka tsinke. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, a saye na wata guda a huta. Miya a yi ta daren Alhamis a sa a firji, kaza a wanke a sa mata kayan ƙamshi ta kwana. Wanki da gugar jallabiyar masallaci da kayan makarantar Lahadi duk a gama su a daren. Da safe kada a kunna wuta: tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, daga mai tanda, shayi a filas, an karya. Bayan masallaci tuwon kawai za a tuƙa, minti 30 ya isa. Abinci ɗaya na gida a ranar, faranti ɗaya a ƙasa, kowa ya sa hannu. Na dare kuma ko a ci saura ko a saya a waje.

Maganar barci: abin da ke kashe safiyar Juma'a hirar daren Alhamis ce. Wanda ya kwanta ƙarfe 3 ba zai tashi da fara'a ba. A kwanta kafin 12, bayan asuba a ƙara awa biyu, ƙarfe 8 kowa ya miƙe. Daga 8 zuwa 11 nan ne ainihin lokacin yara, gari shiru, waya ba ta ƙara, shaguna da yawa a rufe. A nan ake karanta Suratul Kahfi tare, a yanke farce, a duba littattafan makaranta. Duba littattafan nan kada a raina shi. A nan ne uba ke gane cewa yaron da ake cewa "yana ƙoƙari" bai iya haɗa baƙi ba, ko takardar da malami ya aiko ta yi mako uku a ƙasan jaka.

Baban Yara, Jidda

Hajiya, Allah ya saka. To baƙi fa? Ba a korar baƙo.

Uwar Gida, Makka

Ba kora ba ce Alhaji, sanarwa ce. Mutane su san gidanku bayan isha'i ake zuwa ranar Juma'a. Sau biyu za ka faɗa, kowa ya saba. Mu na Makka da Madina namu ya fi yawa, don duk ɗan garinku da ya zo Umara lambarka ce a hannunsa, ga saƙon da za a kai, ga rakiya kasuwa. A haɗu da su a Harami wata rana a tsakiyar mako bayan isha'i, sun fi ma jin daɗin hakan.

Dattijo, Jidda

Bari in yi maganar fita, don a nan ake ɓarnar kuɗi da rai. Da zafi, daga Yuni zuwa Satumba, fita da yara kafin ƙarfe 5 na yamma azaba ce. Ƙasar da ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 a waɗannan watanni ba wasa take yi ba. Bakin teku a Jidda, a isa kafin magariba in ana son wurin ajiye mota kusa, bayan isha'i sai an yi ta zagaye. Abin ɗauka: tabarma, filas, kula mai ƙanƙara, ruwa aƙalla lita 2 kowane mutum, ledar shara, kayan canji na ƙananan yara. Iyali mai mutum shida, shinkafa kilo ɗaya da kaza biyu sun wadatar. Kada a zuba miya a kan shinkafa tun daga gida, kuma kada a bar kula a but ɗin mota a rana: awa biyu zuwa uku abinci ya fara yami, yara su kwana da gudawa, Lahadi su kasa zuwa makaranta. Dambu da soyayyen nama sun fi jure hanya.

Mai son gashi ya karanta allon wurin, ba kowane lambu aka yarda a hura wuta ba, baladiyya, wato hukumar gari, na cin tara. Gawayi kuma a sayi na buhu da ake shigowa da shi, an hana amfani da itace da gawayin itatuwan ƙasar, tarar ba ƙarama ba ce.

Ɗa'if ita ce mafakar mutanen Makka da Jidda da zafi, tana kan dutse, iska da sanyi. Amma tafiyar kwana ɗaya ce mai cin jiki, sau ɗaya a wata biyu ya isa. A tashi bayan asuba, a yi Juma'a a can. Hanyar Hada gajeriya ce amma kwana-kwana ce, ana kuma rufe ta in akwai hazo ko ruwa ko gyara, sai a bi ta Sail. Wajen saukowa a sa mota a ƙaramin giya. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi ya saki, warin ƙonewa shi ne gargaɗin farko. Birai na bakin hanya, a rufe gilashi, kada yaro ya miƙa musu abinci. Yaro mai amai a mota kada a cika masa ciki kafin hawa. Igamar kowa, wato katin izinin zama, a duba ta tun Alhamis, akwai shingayen bincike a hanya, kuma lokacin aikin Hajji shiga Makka sai da izini.

Mai Jinya, Riyad

Baba ya gama da Hijaz, wato yankin Makka da Jidda. Na Riyad, Wadi Hanifa kyauta ne kuma akwai wurin zama, amma in an ga hadari a tashi, kwari ne, ruwa na zuwa daga inda ba a gan shi ba. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a Disamba 2024 ya sauƙaƙa wa marasa mota, akwai taragon iyali, shigarsa kaɗai ma yawo ne ga yara. Sai dai ranar Juma'a ba ya fara aiki da wuri kamar sauran ranaku.

Masu aikin canji, mu ma'aikatan asibiti da na otal, hutunmu yawo yake yi, wannan makon Talata, na gaba Lahadi. Dabarar ita ce da zarar jadawalin wata ya fito, a zauna da na maigida da na makaranta a nemo inda suka haɗu. In babu, a nemi musanya da abokin aiki tun makon farko, ba ana gobe ba. Kuma ranar da aka sauka daga aikin dare ba ranar hutu ba ce, kada a lissafa ta. Mutum na isowa gida ƙarfe 8 na safe ido jawur, duk abin da yaro ya yi tsawa zai sha. In hutu ya faɗo Talata, ranar iyali ta fara daga tashin makaranta zuwa isha'i: a je a ɗauko su da kai, a ci abinci tare, a bar aikin gida.

Ƙanin Kowa, Damam

Mu nan istiraha muke kamawa, wato gidan shaƙatawa na haya, gida biyar ko shida a haɗa kuɗi. Akwai wurin wasa, wani da kududdufin wanka. Daren Alhamis da Juma'a sun fi tsada, Asabar da rana ta fi sauƙi. A karɓi kuɗin kowa kafin a biya kafin alƙalami, in ba haka ba mutum ɗaya zai kwana ciki.

Malamin Islamiyya, Makka

Ƙanina, istiraha na da amfani, a nan ne yaranmu ke haɗuwa da 'yan uwansu su ji Hausa a bakin wani ba iyayensu ba. Amma ban yarda a kira ta ranar iyali ba. Da an shiga ƙofa maza sun yi ɓangarensu, mata nasu, yara sun bazu, sai an zo tafiya ake haɗuwa a mota. Miji da mata ba su yi magana ta minti biyar ba. Sau ɗaya a wata ya isa. Kuma in da wurin wanka, a sa babba ɗaya takamaimai ya zauna a bakinsa ba waya a hannu, ana canji duk rabin awa. "Kowa na kallo" ita ce ke kawo salati.

Harshe kuwa, yaron da ke makaranta da Larabci, wasa da Larabci, waya da Larabci ko Turanci, in bai yi Hausa a wannan rana ba, zai girma yana ji ba ya iya mayarwa. A wajen cin abinci a yi Hausa zalla. Bayan la'asar a kira gida ta bidiyo. Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa 2, ƙarfe 5 a nan 3 ne a can, sun sauko daga masallaci sun ci abinci. A bar yaro ya gaida kaka da bakinsa, ko da gurɓatacciyar Hausa ce, kada uwa ta riƙa amsa masa. A koya masa su waye kawunansa, wace ce goggo wace ce inna.

Umara da ƙananan yara ranar Juma'a ban ba da shawara ba, cunkoso ya yi yawa. In za a je Harami da su, a rubuta lambar waya a takarda a sa musu a aljihu. Ziyarar Madina ta jirgin Haramain daga tashar Rusaifa ta Makka awa biyu da 'yan mintuna ce, amma tikitin ƙarshen mako sai an saya da wuri, shiga Rauda kuma sai da izini a manhajar Nusuk.

Direban Gida, Madina

Malam, a tuna da waɗanda iyalansu ke gida. Kuɗin zaman iyali riyal 400 ne a wata kan kowane mutum, mata da yara uku 1,600 ke nan, ban da haya. Shi ya sa da yawa suka mayar da nasu. Irin waɗannan su ma su tsayar da awa ɗaya a ranar hutu, a sani a can gida cewa lokacin Baba ne, a yi cajin waya tun da wuta, a sa data. Kiran kada ya zama na lissafin kuɗi kawai. Maganar kuɗi a yi ta da uwar gida wata rana dabam, wannan awar a ba yara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kawo littafinsa gaban kyamara.

Baban Yara, Jidda

To masu ɗan aikin gefe ranar Juma'a fa? Wasu da shi suke cike kuɗin haya.

Malamin Ofis, Riyad

Alhaji, a fara da cewa yi wa wani aiki ba kafilinka ba, ko ɗaukar fasinja da motarka ba izini, laifi ne a nan, tara ce, abin na iya kaiwa ga tarhil, wato a mayar da mutum ƙasarsa. Wanda nasa ƙarin awanni ne a wurin aikinsa na halal, ya zaɓi Juma'a biyu a wata ya bar biyu, ya faɗa wa yara tun farkon wata waɗanne ne nasu, ya rubuta a kalandar da ke jikin firji. In an kira shi aiki a ɗaya daga cikin nasu, tun a wayar ya tambayi ranar da za a ba shi a madadi.