Birkina ya koma kamar ana taka soso, an cire iska sau uku bai gyaru ba

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka mini da shawara. Motata ƙirar 2008 ce, shekara 6 tana hannuna, ban taɓa ba kowa aronta ba sai watan jiya da ƙanin matata ya matsa, uwargida ta sa baki, na ba shi kwana huɗu. Da ya dawo da ita, tayar gaba ta dama tana ƙara kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, shi kuma ya rantse a haka ya karɓa. Ban ja maganar ba saboda zumunci. Na kai wa bakanikena, ya ce fad (abin da ke goga faifan birki ya tsayar da taya) ya cinye kuma kalifa (abin da ke matse fad ɗin) ta maƙale, aka sa sabon fad da kalifa biyu na hannu. Tun ranar birkin ya yi laushi. In na taka sai ƙafata ta yi nisa kafin ya kama, in na buga sau biyu a jere sai ya yi ƙarfi. Jibi ina da doguwar tafiya da iyali. Ya zan yi?

Oga Mai Gareji: Masta ce, wato famfon da ke tura man birki in ka taka. Shekara ashirin ina wannan sana'a. Ka canza masta ka huta.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ba mu labarin ƙanin matarka tiryan-tiryan, amma ba ka faɗa mana ko man birkin yana raguwa ba. Buɗe bonet ka duba ko yana tsakanin layukan nan biyu na jikin robar man birkin. Sannan ka kashe mota, ka buga birkin har ya yi tauri, ka danne shi da ƙafa kamar rabin minti. In ya tsaya cak, masta ba ta da laifi, iska ce a layin man birki. In ya riƙa sulalewa ƙasa a hankali alhali babu yoyo ko'ina, to robobin cikin masta ne suke sakin mai ta baya. Mai ba ya matsuwa, iska ce take matsuwa, shi ya sa bugu na biyu yake kamawa.

Oga Mai Gareji: Baba, da girmanka, amma duk wannan ɓata lokaci ne. Mota mai wannan shekarun, yaro ya zauna yana danna birki har ƙasa lokacin cire iska, robar masta ta bi ta inda ba ta saba bi ba, ta goge a tsatsar da ke cikin silinda, ta yage. Na gani ya fi a ƙirga. Masta ce.

Maman Yara: Ni dai da na ji an ce masta sai gabana ya faɗi. Bara haka aka sa na canza tawa har sau biyu, ashe tiyon robar da ke kai mai taya ne yake kumbura in an taka. Wata uku ina zarya gareji. Da na yi magana aka ce me mace ta sani a mota. Har yau ban huce ba.

Mai Tambaya: Baba na gode. Mai bai ragu ba. Gwajin ban yi ba tukuna, motar tana wurin aiki. Amma bakaniken nan tare muka tashi, ba zai cuce ni ba, kuma da idona na ga mai yana fita tas babu kumfa.

Ɗan Koyo: Yallaɓai, ba maganar cuta ba ce. Ka ce kalifa biyu aka canza. Ka leƙa ta bayan taya ka ga inda ɗan kusoshin cire iskar yake, sama ko ƙasa. A motoci da yawa ta hagu tana zama daram a dama, sai kusoshin ya koma ƙasa. Iska kuwa sama take taruwa, don haka mai zai fita tas ta ƙasa, ita tana nan zaune a sama ko sau goma za a cire. Na taɓa yin wannan kuskuren, ranar na sha faɗa wurin ogana.

Oga Mai Gareji: Yaro, bari manya su yi magana.

Malam Injiniya: Yaron nan ya fi kowa kusa da gaskiya, tunda matsalar ta fara ne ranar da aka taɓa kalifa. Ni ma ina da tambaya: motar tana da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi? In aka bar robar mai ta ƙafe lokacin aikin, iska kan shiga famfon ABS, kuma a wasu motocin sai an haɗa kwamfuta ta motsa famfon kafin ta fita. Wane mai ma aka zuba? Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 suna shan danshi. Sabon DOT 3 sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Celsius yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a 140, a gangara mai tsawo birki ya tafi ƙasa gaba ɗaya. DOT 5 kuma na silikon ne, ba a gauraya shi da su. Ka duba murfin robar, an rubuta wanda motarka take sha.

Tsohon Direba: A duba na baya ma. In birkin duram ne (mai kama da kwano) kuma lainin da ke goga shi ta ciki ya yi nisa da shi, haka birki yake yi, sai an buga biyu. Ja birkin hannu ka ji ko ya yi tsawo.

Mai Tambaya: Man da ya zuba daga wata gora ce da ke garejin, ban duba lambar ba, amma ai shi yake zuba wa kowa. Fitilar ABS kuma tun da na sayi motar take kunne, ba ta taɓa hana ni komai ba. Batun juya kalifa gaskiya da nauyi in je in ce masa ya yi aiki a baibai.

Maman Yara: Nauyi? Da 'ya'yanka a kujerar baya? Yaya, ka ɗaga tafiyar nan.

Oga Mai Gareji: Ku gama zagaye-zagayenku, kan masta za ku dawo.

Mai Tambaya: Tafiyar ba ta ɗaguwa. Na kira shi, ya ce in kawo gobe da safe a sake cire iskar, wannan karon daga tayar baya za a fara. In ta kama a canza mastar, ta hannu za ta yi ko dole sai sabuwa?

Ɗan Koyo: Yallaɓai, ka dai leƙa kusoshin nan.