Hawan jini: me kuka haɗa da maganin likita har kuka ji sauƙi?

Ɗiyar mai jinya, Garin Malam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata uku ke nan da aka auna Innata aka ce tansiyonta, wato awon jininta, 17 bisa 10. Tana shan ƙwayar da likita ya rubuta, amma duk maƙwabciyar da ta shigo gaisuwa da nata jiƙon a hannu. Ga Inna ba ta barcin kirki. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mani abin da ya yi.

Tela, Birni:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Inna lafiya. Shekarata huɗu da ciwon nan, kuma a tukunyar gidana na fara ganin canji. Da miyarmu gishiri, dunƙulen magi uku, ga kanwa. Likita ya ce gishirin yini gaba ɗaya kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali guda, kuma magi da kanwa suna cikin lissafin. Uwargida ta koma daddawa da tafarnuwa. Satin farko yara sun yi ta ƙorafi, yanzu sun saba. Shayin fada na dare ma na bari. Bayan asuba ina taka ƙafa rabin awa kafin in hau keken ɗinki, kwana biyar a sati. Ƙwayata kuwa ban taɓa ajiye ta ba.

Mai sayar da kayan miya, Kasuwar Dole:
Ɗiyata, ki ji nawa. Na kama shan zoɓo marar sukari da kwaɗon zogale, jikina ya yi sakayau, sai na ce na warke, na daina ƙwaya. Cikin zafin Afrilu ina auna wa wata barkono idona ya rufe. A asibiti na farka, hannun hagu ya yi nauyi. Har yau ina cin zogalena, amma tare da maganin.

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari:
Sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ciwon nan yakan hau ba tare da mutum ya ji komai ba, awo kaɗai ke nuna shi. Daga 14 bisa 9 muke kiransa hawan jini. Roƙona, duk sassaƙen da aka kawo wa Inna ku zo da shi mu gani, ba faɗa za mu yi ba. Jiƙon da ba a san adadinsa ba yana iya taɓa ƙoda, ita kuwa ƙodar mai hawan jini dama a wahale take.

Dattijo, Zango:
Ɗiyata, kin ce Inna ba ta barci. Me ke ranta? Lokacin da ɗana ya tafi Libiya muka yi wata bakwai ba labari, awona ya ƙi sauka duk da magani. Na koma zama da abokai bayan la'asar, ina ƙailula, ina yawaita zikiri. Ki zauna kusa da ita ki saurare ta.

Ɗiyar mai jinya, Garin Malam:
Baba, ka taɓo wurin. Tun rasuwar yayarta bara ta daina fita. Gobe in sha Allah zan raka ta gidan ƙawarta a ƙafa, ran Litinin kuma mu kai jiƙe-jiƙen nan asibiti. Na gode, Allah ya saka da alheri.