"Ba a sarki biyu a gari ɗaya": gargaɗi ne ko hukunci?

Ɗan Gaya:
Assalamu alaikum. Wata magana ce ta tsaya mini a rai, na ce bari in kawo ta gaban manya. Dagacinmu ya rasu bayan an gama yankan dawa, Allah ya jiƙansa. Cikin 'ya'yansa biyu suka fito neman rawani, kuma 'yan uba ne. Babban shi ke riƙe da gandun gidan tun da daɗewa, ƙaramin kuwa ɗan boko ne, shi marigayin ke aika wa hakimi da ƙafa ta gaza. Ranar sadakar bakwai, a gindin darbejiyar ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi wuri biyu, kowace da mutanenta, masu gaisuwa suna rasa inda za su fara durƙusawa. Wani dattijo ya daɗe yana kallo, sai ya ce, "Ba a sarki biyu a gari ɗaya," ya ɗauki sandarsa ya tafi. Yanzu mutanen babban na cewa ƙaramin aka gaya wa ya janye. Mutanen ƙaramin na cewa a'a, nufinsa a fafata har ɗaya ya faɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don tare muka yi kiwo da su biyun. Me wannan karin magana yake nufi a asali?

Malamin Firamare, Birnin Kudu:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta masa. Ni dai kafin fassara, ina da ja kan maganar ita kanta, domin an taɓa yin sarki biyu a Kano. Littafin Tarihin Kano ya kawo Nawata da Gawata, tagwaye, 'ya'yan Gijimasu wanda ya fara ginin ganuwa. Sun hau a 1134, suka yi wata bakwai suna mulki tare, ɗaya ya rasu, ɗayan ya ci gaba shekara ɗaya da wata biyar. Ba a ce sun yi faɗa ba. To ina "ba a yi" ɗin?

Inna ta Ringim:
Ɗana Malam, ai ka ba kanka amsa. Tagwaye ka ce. Ciki ɗaya suka kwanta, nono ɗaya suka sha, babu wata uwa a wani ɗaki da ke zuga nata. Wata bakwai kuma ko damina ɗaya da rani ba su cika ba. Ku maza kuna ganin rikicin sarauta a ƙofar fada yake farawa. A tsakar gida yake farawa, tun ranar da aka zuba wa ɗan wannan ɗaki nama biyu, na wancan ɗaya. Ɗan Gaya, ka binciki zaman iyayensu mata, za ka ga tabarmin nan biyu sun fi shekara talatin a shimfiɗe.

Malamin Firamare, Birnin Kudu:
Na karɓa, Inna. Ga ma abin da ke goyon bayanki. Tsamiya ɗan Shekarau ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, jarumi ne da ya karya masu bautar Tsumburbura, amma ba abokin gaba na waje ne ya ga bayansa ba. Ɗan'uwansa Usman ne ya kashe shi, ya kulle ƙofofin gidan sarki ya zauna a ciki kwana bakwai. Daga nan ya sami laƙabin Zamnagawa, wato wanda ya zauna kan gawa. Shekara shida ya yi, a 1349 sarauta ta koma hannun Yaji, ɗan Tsamiya da aka kashe ɗin.

Na Hadeja:
Mu a wajenmu "a zamani ɗaya" na fi ji, ba "a gari ɗaya" ba. Kuma akwai bambanci. In ka ce gari, kamar kana cewa ɗaya ya tattara ya bar ƙasar. In ka ce zamani, haƙuri kake ba shi, ya jira lokacinsa. Shi ya sa ake haɗa ta da "sarki goma, zamani goma".

Tsohon Dogari, Rano:
Yara, ku matso. Duk kuna ƙirga rawuna, ni kuwa da na tsufa a bakin zaure na san sarki na biyu sau da yawa ba shi da rawanin sarki a kansa. Shi ne wanda ba a yanke magana sai an waiwaye shi.

Ku dubi shekarar 1452, da Sarkin Kano Abdullahi Burja ya rasu. Aka naɗa ɗansa Dakauta, bebe ne, mutane suka ce in ya hau gadon zai yi magana. Kwana ɗaya ya yi, bai yi magana ba, aka sauke shi. Ku tambayi kanku, wa zai so a naɗa sarkin da ba ya magana in ba wanda ke son ya yi magana a madadinsa ba? Aka ɗora ɗansa Atuma, kwana bakwai aka cire shi, kuma dalilin da aka rubuta shi ne tsoron Galadima Dauda. Galadiman nan bai taɓa zama Sarkin Kano ba, amma tsoronsa ya tuɓe sarki. Sai da aka kawo Yakubu, mahaifin Rumfa, ƙura ta lafa.

Ga kuma Dagachi, ɗan sarautar Barno da ya zo Kano zamanin Sarki Dauda, da jama'arsa da tambura da tutoci. Aka karrama shi, aka saukar da shi a Ɗorayi, har sarki kan bar masa gari in zai fita yaƙi. Baƙo ne aka yi wa shimfiɗa. Gidan nan ya yi ta ƙarfi har zamanin Abdullahi ɗan Rumfa, inda mai riƙe da sarautar Dagachi ya shirya tawaye sarki ba ya gari. Mahaifiyar sarki, Hauwa, ita ta tsaya ta tare abin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni a fahimtata dattijon garinku ba da yaran nan biyu kaɗai yake ba.

Ɗalibi daga Dutse:
Baba, a gafarce ni, ina da ja. Ni ina ganin masu ƙarfi ne ke fakewa da wannan karin magana don su rufe bakin kowa. Duk wanda ya ce a yi gyara sai a ce yana son zama sarki na biyu. Ai Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Tara ta Kano, majalisar manya tara. Kenan shi kansa ya san mutum ɗaya ba ya ɗaukar gari.

Tsohon Dogari, Rano:
Ɗana, ka yi karatu, Allah ya ƙara. Gaskiyarka ta farko na yarda da ita, na sha ganin an yi wa mai gaskiya wannan sharrin. Amma tara ɗin shawara suke bayarwa. Kakakin da Rumfa ya kawo mutum nawa ake busa wa? Takalmin gashin jimina ƙafar mutum nawa yake shiga? Shawara daban, kujera daban. Ranar da masu shawara suka fara jin kujerar tasu ce, ka ga abin da ya faru bayan rasuwar Sarki Kisoki a 1565: Guli, wani babba a fada, ya tuɓe Yakufu, Galadima ya tashi ya yaƙi Guli, kafin shekara ta zagayo an naɗa sarki uku, Yakufu da Dauda Abasama da Abubakar Kado.

Alaramma, Tsangayar Gabas:
Kada a manta da Sarki Umaru ɗan Kananeji, 1410 zuwa 1421. Malami ne, abokinsa ya yi ta masa wa'azi kan duniya, ya tara mutanen Kano ya ajiye sarautar da kansa. Babu wanda ya kore shi, ba a zubar da jini ba. Karin maganar bai ce sai an kayar da ɗaya ba. Ɗaya yana iya tashi da ƙafarsa, mutuncinsa na tare da shi.

Inna ta Ringim:
Allah gafarta Malam, samun irin Umaru a gidan 'yan uba sai an tona. Amma a gwada. A fara da iyayen mata in suna raye.

Ɗan Gaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Inna, ɗaya ce ke raye, mahaifiyar ƙaramin, kuma tana jin maganar gwaggona, zan bi ta nan. Baba Dogari, maganarka ce ta sa jikina ya yi sanyi. Akwai wani mai hali a garin, shi ke sayen amfanin gonar mutane tun yana tsaye, shi ke ba da bashin taki. Bayan isha'i nakan ga babur ɗinsa a ƙofar babban, washegari in gan shi a ƙofar ƙaramin. Buhun shinkafar da aka dafa a tabarmar nan da wanda aka dafa a waccan duk daga shagonsa suka fito. Ranar sadakar yana tsaye a tsakanin tabarmin biyu, kuma yanzu da na tuna, wajensa dattijon yake kallo da ya yi maganar. Ranar Alhamis hakimi zai aiko a karɓi sunaye. Gobe in an idar da sallar asuba zan bi dattijon nan har gida in tambaye shi da bakina wa yake nufi, in ya yarda kuma in roƙe shi ya zaunar da su biyun a ɗakin mahaifinsu, ba tare da kowa ba.