Abin da na tsinta a hirarmu kan aikin rage tumbi

Jiya a gidan suna a Gwammaja aka ɓarke da hirar aikin rage ƙiba, mata biyu a cikinmu an yi musu aikin, to ga dai abin da na riƙe.

Wai ita tiyatar mafari ce kawai. A irin wanda ake yanke tumbi kusan kashi 80 cikin 100 ake cirewa, shi yasa satin farko ruwa-ruwa ne kawai, a hankali a kai ga mai laushi, kuma in an fara cin abinci a fara da ƙwai, kifi, wake ko awara kafin a taɓa tuwo, loma ƙanana ana taunawa sosai. Ruwa kuwa kar a haɗa da abinci, a ba da minti 30, amma da zafin Kano dole a yini ana kurɓa. Lemon kwalba da kayan zaƙi a haƙura.

Shan bitamin B12, ayon (sinadarin ƙara jini) da kalsiyam har abada ne, nan fa mutane ke sakaci wallahi. Gashi na zubewa wajen wata 3 zuwa 6 amma yana dawowa. Maganin ciwo na Ibuprofen a guje shi.

Wata Hajiya a wurin ta ce ɗaukar ciki a jinkirta shi wata 12 zuwa 18 bayan aikin, azumi kuma sai an tambayi likita tukuna.