Tsakanin rabi da uku bisa huɗu, me ke tsakiya?

Baban Biyu: Jama'a, wa ya taɓa shan irin kunyar da na sha? 'Yata 'yar aji shida ta kawo aikin gida, a nemo lambar da ke tsakiyar 1/2 da 3/4. Na haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, na ba ta 4/6 ina hura hanci. Washegari ta dawo da jan biro a littafi, ko gaisuwar kirki ban samu ba.

Malamar Firamare: Baban Biyu, ba kanka farau ba, kowace shekara sai na gyara wannan. 4/6 tana tsakaninsu, shi ya sa take ruɗin mutane, amma ta karkata wajen 3/4. Fara daidaita na ƙasan: 4/8 da 6/8. Ka haɗa su, 10/8, ka raba biyu, 5/8 ke nan.

Tela: Malama, mu a tef muka koya. Inci ɗaya layi takwas ne. Ranar da maigidana ya ce rarar ɗinki ta rabin inci ta yi kaɗan, kwata uku kuma ɓarnar yadi ce, farce na ɗora a layi na biyar. Ashe lissafin boko nake yi ban sani ba!

Bakanike: Ni wata tsohuwar motar Amurka ce ta koya mini. Sifana mai inci 1/2 ta ƙi shiga, mai 5/8 tana zamewa, har na fara cinye kan noti. 4/8 da 5/8 maƙwabta ne, na ɗauka babu komai a tsakani. Oga ya jefo mini mai 9/16, ta zauna daram. Sai daga baya na gane 8/16 da 10/16 ne.

Manomi: Gonar kawuna na noma. Da kaka ta yi, ya ce sulusi zai ba ni, na ce sai rabi. Aka ce a raba gardama. Buhu 12 ne: sulusi huɗu, rabi shida, na kwashi biyar.

Malamar Firamare: Wato 5/12. Da a ce hanyar Baban Biyu aka bi, da 2/5 za ta fito, sai an kwance buhu na biyar an ɗebe wani abu.

Baban Biyu: Malama, a rufa mini asiri, yarinyar na gefena tana karantawa.