Neman shawara: lissafin bazuwar tsutsar masara ya tsaya min

Ɗalibi, Samaru: Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina aikin digiri na biyu a lissafi, kan yadda tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Najeriya a 2016 take bazuwa daga gona zuwa gona, wajajen Shika da Giwa. Na ɗauki ikweshin ɗin Fisher na 1937, saurin bazuwa ya fito min 2√(rD), wato r saurin ƙaruwar yawanta, D kuma ma'aunin yaɗuwarta a wuri, har na fara murna. Sai mai duba aikina ya ce na haɗa ƙwai da tsutsa da mai fiffike a kwando ɗaya, in je in shigar da shekaru. Sati uku ke nan ban motsa ba. Ta ina zan kama?

Malam, Kongo: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka, ɗana. Tsutsa ce ke cin ganye, amma ba ta nisa. Mai fiffike ce ke tafiya ta kai ƙwai. To yaya D ɗaya zai ɗauke su duka? Koma kan ikweshin ɗin McKendrick na 1926, wanda von Foerster ya sake fitarwa a 1959: yawa ya dogara da lokaci da kuma shekaru, haihuwa kuwa tana shiga ne ta bakin iyaka, a shekara sifili. Sai ka ƙara wuri, D ya riƙa canzawa da shekaru. Idan ya yi maka nauyi, raba su gida biyu kawai, ƙanana da balagaggu, ka sa jinkirin balaga a tsakani. Za ka ga saurin ya sauka ƙasa da na Fisher. Kuma "shekaru" a nan kwanaki ne fa, rayuwarta duka wajen kwana 30 ce lokacin zafi.

Yaya, Tudun Wada: Ƙanena, in ka zo kan kwamfuta, sa takun lokaci daidai da takun shekaru, ka kuma tabbata DΔt/Δx² (Δt takun lokaci, Δx takun wuri) bai wuce 1/2 ba in a layi ɗaya kake lissafin. Ni wannan ya cinye min wata guda, ina ta zargin laftof ɗina.

Manomi, Giwa: Ni dai ban san D ba. Amma malaman gona sun ce iska kan kwashe mai fiffiken har kilomita 100 a dare ɗaya. Lissafin naku ya san da iska?

Ɗalibi, Samaru: Baba, wallahi bai sani ba. Malam, in sa iskar tun yanzu, ko sai gida biyun sun zauna?

Malam, Kongo: Su zauna tukuna.